Kafin Ka Zaɓi Manhajar Naɗar Darasi, Duba Wayar Ɗalibinka



Sharhinmu na yau a kan wata hanyar koyarwa ce da ta shigo mana ba sallama, har ta samu wurin zama: naɗar abin da ke gudana a fuskar kwamfuta ko waya. Malami ya buɗe kwamfutarsa, yana aiki yana bayani, wata manhaja tana naɗar motsinsa da muryarsa, in ya gama ya fito da bidiyo ya tura wa ɗalibai. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, masu cibiyoyin horar da yara suka gane cewa nuna wa yaro inda zai danna ya fi a yi masa dogon Turanci. Haka akawun da ke koya wa sabon ma'aikaci Excel, da jami'in asibiti mai nuna yadda ake shigar da bayanan marasa lafiya, da wakilin banki mai horar da yaran POS. Dukkansu tambaya guda suke yi: wace manhaja ce ta fi?

Ni a ganina, wannan tambaya an kamo ta daga wutsiya. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai rigar. Kai ma, Malam, kafin ka sauke wata manhaja, ka fara da sanin wanda zai kalli darasin. A ina zai kalla? Da wace na'ura? Da datar wa?

Amsar a wurinmu sananniya ce. Ɗalibinka a waya zai kalla, waya mai fuska kamar tafin hannu, wadda cikinta ya cika da hotunan biki. Datar kuma daga aljihunsa za ta fita, kuma kowa ya san yadda aljihun ya ji a jikinsa tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. To bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Nauyin bidiyo ya danganta da yawan bayanan da ake zubawa a kowace daƙiƙa. Idan ka saita manhajarka a kan kilobit 2,500 a daƙiƙa, darasin minti 10 zai kai kusan megabait 190. Idan ka sauke ta zuwa 800, wannan darasin dai zai tsaya wajen megabait 60. Ka ce kana da ɗalibai 40, kowa zai sauke nasa. A saitin farko ajin ya ƙona sama da gigabait 7, a na biyu bai kai 3 ba. Kuma abin mamaki, a darasin Excel ko na cike fom, da wuya idon ɗalibi ya ga bambanci. Dalili kuwa, fuskar kwamfuta yawancinta a tsaye take. Manhajar matse bidiyo ba ta sake ajiye abin da bai motsa ba, canji kawai take bi. Shi ya sa hoton allo yake matsuwa fiye da hoton wasan ƙwallo, inda komai ke gudu. Shi ya sa kuma idan ka liƙa fuskarka a kusurwar bidiyon kana ta kaɗa kai, ka ƙara masa nauyi. Fuskar malami tana da amfaninta a buɗe darasi, ɗalibi ya san da wa yake tare. Bayan nan ka janye ta.

Saboda haka abu na farko da zan nema a manhaja shi ne ta bar ni in juya waɗannan saituna da hannuna, ta kuma ba ni fayil ɗin MP4 a cikin na'urata, wanda zan tura ta WhatsApp, ko ɗalibi guda ya sauke ya raba wa sauran ta Xender ba tare da an sake kashe ko kwabo ba. A nan ne nake ja da baya daga Loom, duk da farin jininta. Loom manhaja ce mai sauƙi ƙwarai, ka danna, ka yi magana, kafin ka miƙe bidiyon ya hau intanet an ba ka adireshinsa. Darajarta ta kai kamfanin Atlassian ya saye ta a 2023 a kan dala miliyan 975. Amma an gina ta ne don ma'aikatan ofis da intanet ba ya yanke musu. Tsarinta na kyauta ya taƙaita ka ga minti 5 a kowane bidiyo, da bidiyo 25 gaba ɗaya, kuma ɗalibi duk sanda ya koma kallo sai ya sake biyan data. Ga kamfani mai intanet ɗin ofis, madalla. Ga malamin da ɗalibansa ke ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, ba ta yi ba.

Kafin ma mu je ga sayen wani abu ko sauke shi, mutane da yawa ba su san cewa na'urar da ke hannunsu tana da abin naɗa a cikinta ba. Wayoyin Android tun daga na 11, wanda ya fito a 2020, suna da maɓallin naɗar allo idan ka jawo labulen sama. iPhone ta samu nata tun 2017. A kwamfutar Apple, ka haɗa Shift da Command da lamba 5. A Windows 10 da 11, ka haɗa maɓallin Windows da Alt da R, naɗa ta fara. Sai dai wannan ta Windows an yi ta ne don masu wasannin kwamfuta, manhaja guda take bi, ba ta naɗar farfajiyar kwamfutar ko wurin da ake buɗe fayil-fayil, don haka mai koyar da yadda ake ƙirƙirar folda zai sha mamaki. Windows 11 ta gyara wannan ta hanyar Snipping Tool. Har PowerPoint ma tana da wurin naɗar allo, kuma malamin da ya riga ya shirya darasinsa shafi-shafi zai iya ɗora murya a kai ya fitar da shi a matsayin bidiyo. Idan bukatarka darasi biyu ne ko uku a wata, ka tsaya nan, ya ishe ka.

Wanda koyarwar ta zama masa sana'a kuwa, ba zai daɗe ba zai ji sunaye biyu: OBS Studio da Camtasia. Mu ɗan zauna a kansu.

OBS ta faro ne a 2012, kuma masu watsa wasanni kai tsaye a intanet su suka fara rungumarta. Kyauta ce ta gaske, ba irin kyautar da za a manna maka tambarin kamfani a tsakiyar bidiyo ko a yanke ka bayan minti 10 ba. Asalin rubutunta a buɗe yake, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke gyara ta. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Kai ke zaɓar girman hoto, kai ke zaɓar nauyi, kana iya raba muryarka da sautin kwamfuta kowanne a layinsa.

Amma abin da ya sa nake ambatarta ga mutanenmu musamman shi ne maganar wuta. Yawancin kwamfutocin da ke hannun malamai na hannu ne, batirinsu ya daɗe da yin sallama, NEPA na ɗauke wuta suna mutuwa. To fayil ɗin MP4 na gargajiya yana da wata ɗabi'a: sai a ƙarshen naɗa yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa. Idan kwamfuta ta mutu kafin a rufe shi, jadawalin bai samu rubutuwa ba, sai ka ga fayil mai nauyi amma ya ƙi buɗewa. Bayanin minti 40 ya tafi a banza. OBS tana ba ka damar naɗa a tsarin MKV, wanda ko an ɗauke wuta, abin da ka naɗa zuwa wannan lokacin yana nan. In ka gama, akwai wani wuri a cikinta mai suna Remux, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai mayar maka da shi MP4 ba tare da ingancin ya ragu ba. Sababbin fitowarta tun daga 2024 sun ƙaro wani nau'in MP4 mai jure irin wannan yankewa. Wannan kaɗai, a ƙasar da ake cewa "sun kawo" da "sun ɗauke" sau da yawa a yini, ya fi min duk wani ado da sauran manhajoji ke tallatawa.

Sai kuma ƙarfin kwamfutar. Naɗar allo aiki ne mai cin ƙwaƙwalwar na'ura, tsohuwar kwamfuta tana iya fara shessheƙa, hoto ya riƙa tsalle, murya ta wuce hoto ya biyo baya. A saitin OBS ka nemi Quick Sync. Wani sashe ne da Intel ta fara sakawa a na'urorinta tun 2011 don aikin bidiyo kaɗai, idan ka miƙa masa aikin sai sauran kwamfutar ta numfasa. Kuma kada ka biye wa masu cewa dole sai hoto 60 a daƙiƙa. Wannan na masu wasanni ne. Darasi ya wadatu da 30, wani ma 15 ya ishe shi. Haka girman hoto: kwamfutoci da yawa na hannu fuskarsu 1366 ce a 768, to naɗa a 1080 bai ƙara maka komai ba sai nauyi. Ka tsaya a 720. A lura dai, OBS ta daina tafiya da Windows 7 da 8 tun 2022.

Aibinta biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba. Ranar farko da ka buɗe ta za ka ga maɓallai birjik, sai ka ba ta yini guda kafin ku saba. Na biyu ya fi girma: OBS naɗa kawai take yi, ba ta tacewa. Idan ka yi tari, ko yaro ya shigo yana kuka, ko ka yi tuntuɓen harshe, sai ka kai bidiyon wata manhaja ka yanke. Akwai na kyauta, irin su Shotcut da Kdenlive, da Clipchamp da ke zuwa tare da Windows 11, matasa kuma sun fi sabawa da CapCut a waya.

Camtasia kuwa ta kamfanin TechSmith ce da ke jihar Michigan a Amurka, ta fito tun 2002, kuma don masu koyarwa aka ƙera ta. Naɗa da tacewa duk a wuri guda. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne yadda take ajiye kibiyar linzami daban da hoton, ta yadda bayan ka gama za ka iya ƙara mata girma, ka zagaye ta da launi, ka kuma zuƙo kusurwar da ake aiki ta cika allo. Ga mai kallo a ƙaramar waya wannan ba ado ba ne, shi ne bambancin gani da rashin gani. Rubutun Excel da kake karantawa sarai a kwamfutarka, a wayar ɗalibi kamar tururuwa yake. Mai amfani da OBS ma yana da mafita, ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa da na kibiyar tun kafin ya fara naɗa, sai dai dole ya tuna da wuri, don bayan naɗa babu gyara mai sauƙi.

Matsalar Camtasia kuɗi ce. Da dala ake biya, kuma kamfanin ya koma tsarin biyan shekara-shekara. Jami'a ko banki ko babbar ƙungiya mai sashen horarwa, wannan ba komai ba ne, lokacin da ma'aikaci zai rage ya biya kuɗin. Malami mai zaman kansa kuwa sai ya yi lissafi da kyau. Na san abin da wani ke cewa a ransa yanzu: ai akwai mai zuba ta a kasuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da aka fasa, sau da yawa ana cusa mata ɓarawo a ciki, mai kwashe lambobin sirri. Kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita, ka kuma ajiye sunayen ɗalibanka a ciki, ba wurin gwada sa'a ba ne, alhali ga halal kyauta a gefe.

Hukumomi masu dandalin karatu irin Moodle, waɗanda ke son darasi ya tsaya ya yi wa ma'aikaci tambaya ya kuma ajiye makinsa, su nemi manhajar da ke fitar da darasi a tsarin SCORM. Camtasia tana yi, haka ActivePresenter ta wani kamfani a Biyetnam, da Adobe Captivate da Articulate Storyline. Wanda bai taɓa jin wannan kalma a wurin aikinsa ba, to ba ya bukatarta, ya wuce abinsa.

Sai maganar tsawon darasi, bari in ba ku labarin Salman Khan. A'a, ba na fim ɗin Indiya ba, masoya su kwantar da hankalinsu. Wannan Ba'amurke ne, ma'aikacin harkar zuba jari, wanda a 2004 ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, ta wayar tarho da wani allon zane na Yahoo. A 2006 ya fara ɗora darussan a YouTube. Baƙin allo ne kawai da rubutun hannu mai launi da muryarsa, ko fuskarsa ba a gani. A lokacin YouTube ba ta yarda bidiyo ya wuce minti 10 ba, dole ta sa ya riƙa gutsura darasi ƙanana. Daga nan Khan Academy ta tashi. Daga baya, a 2014, wasu masana uku, Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin, suka bi diddigin kallon bidiyo kusan sau miliyan 7 a dandalin karatu na edX, suka gano cewa hankalin ɗalibi yana fara zamewa bayan kamar minti 6, kuma salon rubutu da hannu irin na Khan ya fi riƙe mai kallo a kan shafukan da aka jera ana karantawa. Ashe takurar da YouTube ta yi masa alheri ce. Kai da ke shirin naɗar lacca ta awa guda ka tura a WhatsApp, ka sake tunani. Ka raba ta gida takwas ko goma, kowane yanki da batu guda. Nauyi ya ragu, wanda ya manta abu ɗaya ya san inda zai koma, kuma ranar da aka canza fasalin manhajar da kake koyarwa, yanki guda za ka sake, ba duka ba.

Yanzu ga abin da mu ma'aikatan rediyo muka fi kowa sani. Mutum zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba zai haƙura da murya mai ƙara ba. Makirufon da ke jikin kwamfuta yana zaune ne kusa da fankarta da madannanta, shi ya sa yake kwaso gurnanin fanka da ƙwas-ƙwas ɗin yatsu fiye da maganarka. Abin sauraro na kunne mai igiya na waya, wanda makirufonsa ke kusa da baki, ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ya samu hali ya sayi ƙaramin makirufon maƙalawa a wuyan riga. Ɗaki mai labule da darduma da katifa ya fi falo mai tayil, domin tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Ka kashe fankar sama ko da zufa za ta jiƙa ka, minti shida ne. Lokaci kuma, bayan sallar asuba ko can dare, kafin janareton maƙwabci da injin markaɗe da 'yan adaidaita su farka. OBS tana da matatar rage ƙara, Audacity ma kyauta ce kuma tana yin wannan aiki, amma duk matatar da ka matsa wa lamba za ta mayar da muryarka kamar daga cikin rijiya. Gyaran ɗaki ya fi gyaran manhaja.

Sai maganar harshe. Manhajojin zamani suna alfahari da rubuta abin da ka faɗa da kansu a ƙasan bidiyo. Da Turanci suna ƙoƙari. Da Hausa, ko Whisper ta kamfanin OpenAI, wadda ta sa Hausa a jerin harsunanta, rubutun da take fitarwa yana bukatar gyara mai yawa, balle irin maganar malamanmu da ke gauraya Hausa da sunayen maɓallai na Turanci a jimla guda. Kada ka biya ƙarin kuɗi don wannan sai ka gwada da muryarka. Kuma ka jarraba haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ka ga ko suna fita daidai a rubutun da manhajar ke ɗorawa, domin wasu salon rubutun akwati suke nunawa a madadinsu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ke iya kai mutum gaban hukuma. Manhajar naɗa ba ta da kunya, duk abin da ya bayyana a allo za ta ɗauka. Saƙon uwargida da ya faɗo ana tsakiyar darasi, sanarwar banki da ragowar kuɗinka, sunan majiyyaci da cutarsa, lambar BVN ko NIN ta wani bawan Allah. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke sa ido a kanta. Bidiyon da ya shiga rukunin WhatsApp guda kuwa ya fita daga hannunka har abada. Ka kashe sanarwa kafin ka fara, ka rufe shafukan da ba na darasi ba, ka yi aiki da sunaye da lambobin ƙirƙira. Idan dole ne ka nuna bayanan gaske, ka tabbatar manhajar tacewarka tana iya dusashe wani sashe na hoto, ka kuma bi bidiyon daga farko zuwa ƙarshe kafin ka tura.

Duk wadda ka zaɓa a cikinsu, kada ka fara da cikakken darasi. Ka naɗi minti biyu. Ka tura ta WhatsApp zuwa mafi ƙanƙantar wayar da ke gidanku, sau ɗaya a matsayin bidiyo, sau ɗaya a matsayin takarda, domin WhatsApp tana matse bidiyo ta dusashe rubutu, takarda kuwa tana barinta yadda take har zuwa gigabait 2. Ka miƙa wa wani wanda bai san batun ba, ya fita tsakar gida inda ake hayaniya ya kalla ba tare da abin sauraro na kunne ba. Ka tambaye shi ko ya ji, ko ya iya karanta rubutun, ko ya ga inda kibiya ta danna. Sannan ka duba megabait nawa minti biyun ya ci, ka ninka da tsawon darasinka da yawan ɗalibanka. In nauyin ya yi yawa, HandBrake kyauta ce, ka bi da fayil ɗin ta cikinta ka sake gwadawa.